Ƙa'idojin lodi a tashar da ba ta da teku

Tashar jiragen ruwa mafi kusa da mutumin Indabo ita ce karar Wudil ranar Juma'a. Teku dai babu, sai kogin da ke bi ta ƙarƙashin gada, amma duk abin da tashar Apapa ke taƙama da shi akwai shi a nan: kaya, 'yan lodi, masu karɓar kuɗi da rasit da masu karɓa babu rasit. Jirgin kuwa tirela ce mai zuwa Legas. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023 ta kwantena ce, ba ta ɗaukar sa balle mai sa.

Kaya ake fara sallama. Tirela kan ja da baya ta jingina da tudun lodi, a shimfiɗa yashi don kada kofato ya zame, sannan a turo shanu ɗaya bayan ɗaya, mai gardama a murɗa masa wutsiya, a ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe. Duk wannan lokaci aikin fasinja shi ne tsayuwa a rana. Idan ɗan kamasho ya ce "yanzu za a tashi", ana nufin akwai damar cin abinci, sallar la'asar da ɗan barci.

Kuɗin mota da yaron mota ake tsadancewa, domin direba ya fi ƙarfin ciniki da mutum. Mazauni shi ne katakon da aka gitta a saman shanu, kuma zaɓensa ilimi ne. Gaba iska, baya ƙura da jijjiga. Tsakiya ta fi, muddin wanda ke ƙasa ba rahaji ba ne, don ƙahonsa kan kai inda ba a gayyace shi ba. Guzuri bai wuce buta, rawanin tare ƙura, ledar ruwan sama, garin kwaki da ƙuli-ƙuli ba. Fararen kaya ganganci ne.

Fasfo a wannan tafiya sanda ce. Hukumar kiyaye haɗurra ta hana cakuɗa mutane da dabbobi, kuma da gaskiyarta, saboda haka a kowane shinge duk wanda ke saman mota makiyayi ne, har da mai gyaran waya. Muƙamin da nauyinsa: idan sa ya kwanta cikin dare bayan an wuce Jebba, makiyayin dole zai sauka ya tashe shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi.

Da an isa Legas, a Oko-Oba ta Agege ana sauke shanu a ƙirga, a sake ƙirgawa, a duba ko wani ya rame. Fasinja kan diro da kansa ta gefen taya, ya nemi famfo.