Yadda Ake Sa Madara Ta Iso Kafin a Tatse Ta

A Paikon Kore, cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, ba a cika rigima a kan lokaci ba. Makiyayan da ke zaune a filin kiwon da gwamnati ta keɓe a garin sun san asuba, sun san hantsi, sun san sa'ar da saniya ke gajiya da jiran mai tatsa. Matan da ke kai madara wurin tattarawa sun san idan rana ta take, madara ta fara juyawa, kuɗi kuma sun ragu. Babu wanda ya taɓa buƙatar taro kafin ya gane wannan.

To, a ɗauka wata ƙungiyar makiyaya ta gaji da littafi da biro, ta kira wani matashi da ya karanci kwamfuta ta ce ya rubuta mata manhajar da za ta riƙa ajiye wa ya kawo lita nawa, da ƙarfe nawa. Matashin zai buƙaci rumbun bayanai, zai kuma buƙaci abin da ake kira direba, wato ɗan shirin da ke jigila tsakanin manhaja da rumbu. Aikinsa ɗaya da na direban tasha: ya ɗauki fasinja a nan, ya sauke shi a can. Bambancin kawai, wannan direban yakan miƙa hannu a hanya ya murɗa wa fasinja agogo, ba tare da sallama ba. Ga matashin da ke son dattawa su riƙa nemansa har gida, ga shawarwari.

Na farko: ya ɗauka duk duniya agogon Gwagwalada take bi

Wannan ba wuya, domin Najeriya ta sangarta masu rubuta manhajarta. Ƙasar duka, daga Legas har Maiduguri, agogo ɗaya ne, awa ɗaya gaba da agogon duniya na UTC, kuma ba ya motsi rani da damina. Rana ce dai ba ta sa hannu a yarjejeniyar ba, shi ya sa mutanen Maiduguri ke shan ruwa kusan minti arba'in kafin na Legas. Duk wanda ya taso yana jin gidajen rediyon ƙetare na cewa ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, ya san akwai awa guda a tsakani. Matashin ya yi ƙoƙari ya mance da ita.

Uwar garken da zai yi haya, wato babbar kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta, mai yiwuwa tana Turai ko Amurka, kuma galibin irinsu a kan UTC ake saita su. Baiwar Allah za ta kawo madara da 6:30, rumbu ya rubuta 5:30. Saniyar kuwa da ƙarfe shida aka tatse ta. Ba ƙaramin ci gaba ba ne a harkar kiwo.

Na biyu: kada ya tambayi direba agogon wa yake bi

Tsakanin hannun mai awon madara da takardar biyan kuɗi akwai aƙalla agogo huɗu: na wayar da aka shigar da bayani, na kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta, na zaman da direba ke buɗewa da rumbu, da na uwar garke. Kowane direba da wanda yake yi wa biyayya. Direban Java na PostgreSQL, da zarar ya haɗu da rumbu, sai ya sanar da shi cewa a bi shiyyar lokacin kwamfutar da ya fito daga gare ta. Sanannen direban MySQL na harshen Go kuwa yana ɗaukar duk lokacin da ya karanto a matsayin UTC sai in an gaya masa akasin haka, kuma ko an gaya masa, shi kaɗai ya ji, rumbun bai sani ba. Connector/J, direban Java na MySQL, ya yi shekaru yana ƙin tayar da mota idan bai gane sunan shiyyar uwar garke ba, har sai an cika masa serverTimezone. A siga ta 8.0.23 aka sauya wa saitin suna zuwa connectionTimeZone.

Duk wannan a rubuce yake cikin takardun bayanin kowane direba. Matashin kada ya kuskura ya buɗe su. Ya kwafi layin haɗi daga aikin wani ɗan Indiya, inda agogo ke gaba da UTC da awa biyar da rabi, ya liƙa, ya ce bismillah.

Na uku: ya zaɓi ma'ajiyar lokaci da ka

MySQL na da TIMESTAMP da DATETIME, kamanninsu ɗaya kamar tagwaye, halinsu kuwa hannun riga. TIMESTAMP yana mayar da abin da aka ba shi zuwa UTC ya ajiye, ranar da aka nema ya sake juya shi zuwa shiyyar mai tambaya. DATETIME ɗan amana ne marar tambaya: lambobin da aka ba shi su zai dawo da su, amma bai san na wane gari ba ne.

PostgreSQL ya fi iya barkwanci. Nau'insa mai suna timestamptz, wanda sunansa ke cewa yana tare da shiyya, ba ya ajiye shiyyar ko kaɗan. UTC yake ajiyewa, ya nuna wa kowa da agogon zamansa. Ɗan'uwansa marar shiyya kuwa, in aka miƙa masa rubutun lokaci mai +01:00 a wutsiya, sai ya yanke wutsiyar ya yar, ko tari ba zai yi ba. SQLite, wanda ke cikin kowace wayar Android, ba shi ma da nau'in kwanan wata. Rubutu ko lamba yake karɓa, in kuma aka ce ya buga lokacin yanzu, UTC zai buga.

Mafi kyau matashin ya gauraya. Lokacin kawo madara a wannan nau'i, lokacin biyan kuɗi a wancan. Ta haka za a samu mutanen da aka biya kafin su fito daga ruga.

Na huɗu: in an kama kuskure, ya ƙara awa ɗaya

Ranar da shugaban ƙungiya ya duba takarda ya ce, "Yaro, ni da biyar da rabi ina kan buzu, yaushe na kawo madara?", amsar da ta dace ita ce, "Baffa, netwok ne." Daga nan sai ya koma ya rubuta +1 a wani lungu na manhaja, ba tare da ya bar wa kowa bayani ba.

Maganin zai yi aiki, kuma nan daɗinsa yake. Bayan wata shida wani zai zo ya saita shiyyar zaman direba yadda ya kamata, awar da aka ƙara da hannu tana nan a maƙale, 6:30 ta koma 7:30. In ƙa'idar ƙungiya ita ce a rufe karɓa da bakwai, duk matan da suka yi sammako sun makara a idon kwamfuta. Garin neman gira an rasa ido.

Wanda ke son abin ya ƙara armashi, ya sa uwar garke a Jamus ya bar ta a kan agogon can. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Jamus da Najeriya lokacinsu ɗaya, komai zai tafi sumul. Lahadin ƙarshe ta Maris sai Turai ta tura agogo gaba, lissafi ya goce. Ingila kuwa akasin haka take: da bazararsu ne agogon Landan ke daidai da na Abuja. A Jamus, daren da ake tura agogo babu 2:30 sam, daren da ake dawo da shi a Oktoba kuma 2:30 sau biyu take zuwa. Najeriya ba ta wannan al'ada, amma tun da rumbun yana can, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na biyar: ya ba ranar haihuwa agogo

Nan ne gwaninta take. Kwanan wata zalla, kamar ranar haihuwar maraƙi ko ranar allurar rigakafin ciwon huhu, ba shi da awa. Amma direban node-postgres, in ya karanto irin wannan, yana manna masa sha biyun dare na agogon kwamfutar da yake kai. Sha biyun daren Najeriya kuwa sha ɗayan daren jiya ne a UTC. Da an juya bayanin zuwa JSON don aika wa waya, 1 ga wata ya zama ranar ƙarshe ta watan da ya wuce. Maraƙin da aka haifa ranar 1 ga Janairu ya ƙara shekara guda a takarda bai ƙara ko tsoka ba. In manhajar ta asibiti ce ko ta makaranta, sai a zo ana neman takardar rantsuwa daga kotu.

Haka mai POS da ke bakin kasuwa: cinikin da ya yi da 12:20 na dare zai faɗa lissafin jiya, shi da yaronsa su kwana suna zargin juna. Bahaushe dama da lissafin rana iri biyu yake rayuwa. Na gwamnati yana juyawa da tsakar dare, na Hijira yana juyawa da faɗuwar rana, shi ya sa daren Juma'a ke kamawa ranar Alhamis da magariba, watan kuma sai an ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi. Matashin ya taimaka ya ƙara na uku, mai juyawa da ƙarfe ɗaya na dare.

Don kada asiri ya tonu da wuri, duk gwajin manhaja a yi shi da rana. Kuskuren rana yana zaune ne a awa ɗaya tak cikin ashirin da huɗu, lokacin da mai gwaji ke barci.

Na shida: ya raɗa wa shiyya sunan da ya ga dama

Yawancin kwamfutocin duniya na dogara da kundi ɗaya na shiyyoyin lokaci, wanda Arthur David Olson ya fara tarawa a shekarun 1980, Paul Eggert ke kula da shi, hukumar IANA kuma ta karɓi riƙonsa a 2011. A cikinsa Najeriya Africa/Lagos ce. Babu Africa/Abuja, babu Africa/Kano, komai kishin mai rubutu. Africa/Niamey ma laƙabi ne da ke nuni ga bayanan Legas.

Kundin na riƙe da tarihi. Legas ta bi agogon ranarta, minti 13 da daƙiƙa 35 gaba da Girinwic, ta koma GMT a 1905, ta dawo wa nata a 1908, ta koma rabin awa a 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, sannan ta tsaya a awa ɗaya ranar 1 ga Satumba 1919. Wanda ya shigar da kwanan wata na zamanin Gwamna Lugga ya ga +00:13 ya ɗauka aljanu ne, to tarihi ne ya gaishe shi.

Matashin ya guji duk wannan ya rubuta Etc/GMT+1, tun da Najeriya ƙari ɗaya ce. A wannan rukunin alamar a juye take: GMT+1 na nufin awa ɗaya baya. Da haka ya mayar da Paikon Kore tsibiran Kef Bad, tazarar awa biyu ke nan a bugu guda.

Ya kuma yi imani cewa abin da ya haddace ba zai sauya ba. Sudan ta ja agogonta baya da awa ɗaya ranar 1 ga Nuwamba 2017. Masar ta dawo da agogon bazara a 2023. Maroko a 2018 ta daidaita agogonta da na Najeriya, amma in azumi ya zo ta koma GMT, bayan salla ta dawo. Samowa ta tsallake ranar 30 ga Disamba 2011 ɗungurungum. Alhajin da ke duba kuɗin madararsa daga Makka kuwa awa biyu yake gaba da garkensa.

Ga wanda ba ya son suna

Akwai matasa marasa son tashin hankali, su ma ba a hana su ba. Irinsu suna ajiye duk abin da ya riga ya faru a UTC, cikin timestamptz ko makamancinsa. Suna gaya wa direba shiyyar zama ƙarara a layin haɗi, ba sa barin ya yi hasashe. Suna aika lokaci a tsarin ISO 8601 da wutsiyarsa, Z ko +01:00, su juya shi zuwa Africa/Lagos sau ɗaya, a fuskar waya. Ranar haihuwa suna barinta kwanan wata zalla. Alkawarin gaba, kamar taron da za a yi da goma na safe a Rabat, suna ajiye shi da agogon garin haɗe da sunan shiyya, don gwamnati na iya sauya ra'ayi kafin ranar. Suna sabunta kundin shiyyoyi, suna gwaji da 12:30 na dare. Ba wanda ya san lambar wayarsu a ruga.

Matashinmu na farko kuwa yana da sauran kyauta biyu a ajiye. Kwamfuta na ƙirga daƙiƙoƙi ne daga farkon 1 ga Janairu 1970 a UTC, don haka duk gurbin da aka bari sifili zai fito da ƙarfe ɗaya na daren wannan rana a agogon Najeriya. Karsanar bara za ta bayyana ta haura shekara hamsin. Ta biyun tana gaba. TIMESTAMP na MySQL yana ƙarewa ranar Talata, 19 ga Janairu 2038, da 3:14:07 agogon UTC. A Paikon Kore huɗu da kwata saura 'yan daƙiƙoƙi ke nan, cikin sanyin hunturu, ba a yi sallar asuba ba, shanu na kwance, matan ruga kuma sun fara wanke ƙwarya.