Cutar Canjin Akwati

Akwai wata cuta da ba ta kama mutum sai ya ajiye lasifika biyu masu kyau da amfilifaya a falonsa. Komai lafiya lau, kiɗa na tashi, sai wata rana ya karkata kai ya ce a ransa: anya kuwa? Daga nan zargi ya faɗa kan tushen sautin, wato na'urar faifan CD, ko akwatin da ke janyo waƙa daga intanet, ko ɗan akwatin nan DAC, wanda ke karɓar lambobin da aka adana waƙa da su ya mayar da su sautin da amfilifaya zai tura wa lasifika. Kowace waya na da nata a ciki, haka kowace kwamfuta, amma mai cutar ya riga ya yanke cewa nasa ne kaɗai ke ha'intarsa. Ta yaɗu a Japan da Jamus da Ingila da Amurka, sai dai tana tsallako teku, kuma masu fama da ita iri-iri ne.

Babbansu shi ne Malam Ji-Ni-Kaɗai. Da ya yi sabon akwati zai kira ka, ya zaunar da kai a kujerar tsakiya, ya kashe fanka duk zafin da ake yi, ya sa maka rabin minti na waƙa guda, ya maimaita, ya sake maimaitawa. "Mutumina, ka ji yadda mawaƙiyar ta matso gaba? Ka ji numfashin mai sarewa?" Kai dai zufa kake ji. In ka faɗi gaskiya sai ya dube ka da tausayi ya ce kunne sai da horo. Kunnen matashi mai lafiya kan kai sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma yana raguwa da shekaru. Malam kuwa ya doshi sittin, sau uku ake kiransa cin abinci kafin ya waiwayo, amma yana jin bambancin da ke tsakanin waya da waya. Magabatansa su ne waɗanda a wajajen 1990 suka riƙa shafa wa gefen faifan CD koren alƙalami, wai yana hana hasken da ke karanta faifan warwatsewa. Su ma sun rantse sun ji. Ka ce masa a rufe akwatunan biyu da zane ya canki wanne ke kiɗa, nan take zai ce gwaji yana ɗaga wa kunne hankali.

Sai Ɗan Manyan Lambobi. Shi ba ya sauraron waƙa sai ya leƙa allon akwatin ya ga adadi. Faifan CD da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a daƙiƙa, abin da ya isa riƙe sauti har zuwa 22,050, can gaba da iyakar kunnen ɗan Adam. A wajensa wannan abin talakawa ne. Shi sai 192,000, in ya samu 384,000 ya kwana da murmushi, ko da yake jemagen da ke kan bishiyar ƙofar gida ne kaɗai zai amfana da ƙarin. A 2007 wasu Amurkawa biyu, Meyer da Moran, sun gwada masu sauraro sau fiye da 500 tsakanin sauti mai manyan lambobi da wanda aka mayar ma'aunin CD. An dace a kusan rabi, canki-canka ke nan. An soki gwajin, ba a hana ba, amma Ɗan Lambobi bai ma karanta sukar ba. Irinsa ne suka tara wa mawaƙi Neil Young sama da dala miliyan 6 a 2014 don na'urar Pono, wadda ba ta wuce 2017 ba. Irinsa ne suka canja akwati don kawai fitilar tsarin sauti na MQA ta kunna, sai kamfanin MQA ya durƙushe a 2023, manhajar waƙa ta Tidal ta yi watsi da tsarin a 2024. Abin da zai ba ka dariya, ƙarshenta ta Bluetooth yake saurare, wanda ke sake matse waƙar kafin ta iso.

Yana da ƙane a nan gida, kuma shi na fi jin tausayi. Ya yi odar DAC mai tsada daga waje, ya biya kuɗin fito, amma waƙoƙinsa duk daga memorin da mai tura waƙa ya cika masa suke. Wata waƙar Shata ce da aka kwafa daga kaset, kaset ɗin daga wani kaset, sannan aka matse ta zuwa MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa, alhali CD na gudu a 1,411. Sirdin azurfa ne a bayan jaki. Abin da MP3 ya zubar ya tafi, akwati ba boka ba ne. Iyakarsa ya fito maka da shuuu ɗin kaset tas, ka ji shi da kyau fiye da da.

Malam Awo abokin gabar dukkansu ne. Ba ya jin kiɗa, zanen gwaji yake karantawa. Duk wanda ya yi sabon akwati sai ya tura masa jadawali, ya ce 'yar wayar haɗa abin kunne ta Apple mai dala 9 ta yi abin da naka ya yi. Yawanci yana da gaskiya, shi ya sa ba a gayyatarsa.

Alhaji Tsada-Ita-Ce-Kyau ba ruwansa da jadawali. Wayar intanet ɗinsa tana da kibiya mai nuna inda lambobi za su dosa, ka ce in babu ita ɓata za su yi. Da Sony ta fitar da memori mai gigabait 64 a 2015 a kan kusan dala 160, wai don tsabtar sauti, irin su Alhaji aka yi wa. Gwanintarsa ta gaskiya a cikin gida take: baƙin akwati kawai yake saya, mai girma ɗaya da na da, ya shigo da shi da daddare.

"Baban Ummi, wannan kuma yaushe ya zo?"

"Haba Hajiya, ai ya daɗe. Gyara aka kai shi."

Hajiya ta san komai, ita ke goge ƙurarsu. Ajiye maganar take yi sai an zo batun canjin kujeru.

Ɗan Jiya kuma ya tabbata an gama ƙera abin kirki tun tuni. Yana farautar tsoffin na'urorin Philips masu ƙwaƙwalwar TDA1541, har da PlayStation ta farko ta 1994, da wasu suka ce ta iya kaɗa CD. Ɗan akwatin Chromecast Audio na dala 35 bai yi masa daɗi ba sai da Google ta daina yin sa a 2019. Maƙwabcinsa mai 'yar kwamfutar Raspberry Pi kullum murfi a buɗe, sukurudireba a hannu. Shekara guda yana saiti, ba a taɓa jin waƙa ta kai ƙarshe a gidansa ba.

Akwai dalilan canji na gaske: idon na'urar CD ya mutu tana tsallake, ko akwatin na gurnani, ko ba shi da ramin da za ka haɗa sabuwar waya. In ba haka ba, ka sani wani akwati kan fito da ƙara kaɗan fiye da wani, kunne kuwa duk wanda ya fi ƙara shi yake ba kyau. Don haka, mai karatu, kafin ka fitar da kuɗi ka aro akwatin, ka daidaita ƙararsu, ka juya baya, ka sa yaro ya riƙa canjawa sau goma yana rubutawa. In ba ka canka tara ba, mayar wa mai shi abinsa, ka je ka janyo lasifikanka daga jikin bango.