Ara Mini 'Yar Wuƙar Nan

A nan wajenmu, daga Madawa har ka haura tudun Buza ka gangara Keita, namiji ba ya rasa abin yanka a jikinsa. Tsofaffi sun saba da wuƙar maƙera cikin kube, a ƙugu ko a damtse, kamar yadda har yau ake ganin wasu Abzinawan Kel Geres na wajen Azarori da ita ranar kasuwa. Amma sutura ta canza, samari sun koma wando mai aljihu, kuma ba wanda zai hau kabu-kabu da barho a ƙugu bai tsorata mai babur ba. Nan 'yar wuƙar nan mai naɗewa ta samu shiga. Tana kan teburin 'yan koli, tsakanin tocila da batir da kwaɗon ƙofa, kuma sai ka saye ta da abin da bai kai jika ba. Gardamar da ke tashi a fada, shayi na biyu na kan gawayi, ita ce ko sayenta riba ne ko asara.

Telan unguwarmu shi ne lauyanta. Ya ce mutum ya tsaya ya lissafa abin da yake yankawa daga safe zuwa dare: ya tsaga goro, ya fere rake lokacin sanyi, ya yanka mangwaro lokacin bazara, ya tsinke igiyar da ta cije a ƙafar tunkiya, ya feƙe wa yaro alƙalamin allo. "To Alhaji, mi ne ne cikin wannan da ke buƙatar wuƙar jika biyar?" Ba wanda ya amsa masa, don gaskiya ya faɗa. Yawancinmu aikin da muke ba wuƙar aljihu bai wuce wannan ba, sai fa sakace, wanda kowa ke yi kuma kowa ke musun yana yi.

Mahauci kuwa tsaki ya ja. Mutumin Madawa ne, garin da matafiya kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ke tsayawa don kilishi, kuma mai kilishi ba a koya masa wuƙa. Wanda ke shimfiɗe tsoka ta zama siririya har ana hango rana ta cikinta ya san ƙarfen da ke riƙe kaifi. Ya ce wagga ta teburi ƙyalli kawai gare ta. Ka wasa ta da safe, kafin azahar ta koma cokali. Tasa wuƙar maƙeri ne ya ƙera daga ƙarfen tsohuwar mota, baƙa ƙirin, ba ta da kyan gani, amma goga biyu a dutse ya ishe ta.

A nan nake ganin mahaucin ya fi telan sanin ƙarfe, ko da yake bai fi shi sanin aljihu ba. Ƙarfen wuƙa kashi biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe irin na maƙera, mai saurin ɗaukar kaifi, amma da ka yanka albasa ko lemun tsami ka bar shi bai gogu ba, gobe ya yi tsatsa. Akwai kuma farin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda mai kyansa yana da kyau ƙwarai, sai dai na arahar da ke iso mana sau da yawa laushi gare shi, bakinsa na kwantawa da wuri. Da yawa daga cikin irin waɗannan daga Sin suke fitowa, inda birnin Yangjiang na lardin Guangdong ya shahara da ƙera wuƙaƙe da almakashi. Can ana yin nagari ana yin na banza, ɗan kasuwa ne ke zaɓar abin da zai loda, kuma ya san mu da son araha.

Ba yau wuƙar naɗewa mai araha ta fara zuwa Afirka ba. Okapi, mai zobe a baya, tun 1902 ake yinta a Solingen ta Jamus don sayarwa a ƙasashen da Jamusawa suka mallaka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Faransawa kuma suna da Douk-Douk, wadda gidan Cognet na garin Thiers ya fara a 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa kawai, ta kuma samu kasuwa sosai a ƙasashen da Faransa ta mulka, musamman Aljeriya. Duk biyun don talaka aka yi su, kuma dukansu suna yanka. Abin haushin shi ne yanzu har su ana yi musu jabu, da zoben da tambarin da komai. Mu mutanen Adar kuwa 'yan cirani ne tun kaka da kakanni, don haka ba a rasa wanda zai ciro wata tsohuwa ya ce ubansa ya zo da ita daga Abijan tun zamanin Shugaba Hufuwet. Ko haka ne ko ba haka ba, ƙotar dai ta yi santsi da hannu, kuma ba ya bari ta wuce mutum biyu a fada kafin ya miƙa hannu ya karɓe abarsa.

Shi ya fi mu wayo, don babban ciwon wuƙar aljihu a wajenmu ba tsatsa ba ne, aro ne. Ka ciro ta ka tsaga goro, na kusa da kai ya ce, "Ɗan'uwa, ara mini 'yar wuƙar nan." Daga hannunsa ta wuce ga na gaba, wani yaro ya zo ya ce Inna ta ce a ba ta ta yanka kuɓewa yanzu za a maido. Yanzun nan ita ce har damina ta faɗi. In taubashinka ne ya ɗauka, ka ma daina lissafa ta cikin dukiyarka, don da ka yi magana zai ce ai kai kanka nasa ne, balle wuƙarka. Kuma wa zai tsaya gaban surukinsa ya ce, "Baba, wuƙata fa?" Kunya ba ta bari. Wanda ya sayi mai tsada, irin Opinel mai ƙotar itace da 'yan birni ke yabo, kwana yake da baƙin ciki. Wanda ya sayi ta dala ɗari ya yi dariya ya jira ranar kasuwa. Wannan kaɗai hujja ce babba ga mai araha, kuma ban ji wanda ya iya rushe ta ba.

Inda take ba da kunya shi ne in an ɗora mata abin da ba nata ba, mu kuwa gwanayen wannan ne. Lokacin cirar albasa a kwarin Tarka, za ka ga yaro ya wuni yana yanke ganye, wanda mata za su daka su yi gabu, da wuƙar da aka yi don goro. Ruwan albasa da ƙasa su shiga gaɓar, ƙusar ta saki, ruwan wuƙar ya riƙa rawa. Kafin a gama zuba albasa a rudu, sai an ɗaure ta da roba. Masu yankan kaba don tabarma ba sa ko kallonta, sun san aikinsu. Wani mutumin kwarin Majiya, inda aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a 1975, ya ba mu labarin yadda ya so ya datse reshe da ita don ya yi ƙotar hauya. Reshen na nan, wuƙar ce ta rabu biyu. Sauran mu kuma da ita muke kwance ƙusar rediyo, mu ɓalle murfin gwangwanin tumatir, mu ɓanɓare bayan salula, sannan mu zo fada muna zagin 'yan Sin don tsinin ya karye.

Akwai wurin da wasa ya ƙare. Wuƙar da ba ta da abin kullewa, ko wadda makullinta ya ci, tana iya rufewa a kan yatsa in ka danna ta da ƙarfi. Shi ya sa duk shekara da Babbar Salla nake jin tsoro in na ga wani ya durƙusa gaban rago yana buɗe 'yar wuƙar aljihu. Malamai sun sha faɗa cewa a wasa wuƙa sosai a huta da dabba, kar a wahalar da ita. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, mai rawa a ƙota, ba abin yanka layya ba ne. Ko wajen fiɗa, kitse da jini na shiga gaɓar inda wanki ba ya kaiwa, gobe kuma da ita za a yanka wa yaro mangwaro. Wannan aikin na wuƙar maƙera ne, ga su kuwa a kowace kasuwa, daga Tamaske har Bangi, kuma in ƙota ta tsage ka san inda za ka mayar.

Wasa wuƙa dai ba mu da uzuri. Adar ƙasar duwatsu ce. Tun da furojen Keita ya fara a 1984 mata suka jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwa, mutumin Keita ba zai ce ya rasa inda zai goga ƙarfe ba. Lalaci ne kawai, da kuma tunanin cewa abin araha bai cancanci kulawa ba. Ɗigon man keken ɗinki a gaɓa bayan ƙurar hunturu, da goge ruwan a gefen riga bayan an yanka abu mai tsami, suna ƙara mata kwana sosai.

Ni dai na ce a saya. Amma a buɗe ta a gaban mai teburin, a girgiza a ji ko tana rawa, a danna bayanta a ga ko tana rufewa da kanta, a ƙyale mai ƙyalƙyali da hoton damisa a ɗauki mai nauyi a hannu. In za a shiga jirgin Makka, a bar ta gida, don a filin jirgi karɓe ta za a yi. Kuma don Allah, duk wanda ke riƙe da wuƙar wani tun Sallar bara, ya maido ta kafin ta bana.