Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Makwararin Sinkin Ban-ɗaki

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne da yawun magidantan Gusau, tare da 'yan'uwanmu na Tsafe da Bungudu da suka ce lallai in sa da su, don su ma halinka ya kai musu iya wuya. Aiki ɗaya aka ɗauke ka: ruwa ya zo, ka ba shi hanya. Sai ga shi ka mayar da kanka madatsa. Gusau tana da tata a kan Gulbin Sakkwato, ba mu nemi a buɗe mana reshe a ban-ɗaki ba.

Na san hanzarin da za ka kawo, kuma ba zan ce ba ka da gaskiya ba. An ƙera ka ne don gidan da famfo ke zuba dare da rana, ruwa ya taho da ƙarfi ya kore komai. Mu kuwa, daga Tudun Wada har Samaru, da yawanmu sai 'yan garuwa sun turo kura muke ganin ruwa. Wanda ya sayi jarka da kuɗinsa ba zai juye maka rabinta don ka kurkure maƙogwaro ba. Ɗan tsiyayen buta kake samu, a haɗa maka da gashin tsifar uwargida, da zaren aswaki, da tuƙar goron Baba, da lakar da ta kwanta a gindin jarka, da bakin ledar fiya wata da yaro ya gatsa ya tofar. Gashin ya sarƙe, sabulu da man kitso su liƙe shi, yashi ya samu wurin zama.

Duk da haka, ka tuna kakarka wuriya. Ita ma wannan cimar ta ci shekara da shekaru a gindin katanga, amma kara guda ake zura mata, yaro ma ya iya, ba ta taɓa sa an biya kowa kuɗin mashin ba.

To ga sanarwa. Ranar Asabar ba mai gyaran famfon da zan kira, ni da kai ne. Zan fara da lalama: in cire murfin bakinka, in lanƙwasa kan waya, in zura in jawo abin da ka ɓoye. Baƙi ne, mai yauƙi, warinsa kuwa sai an buɗe taga. In ka ƙi, zan toshe ƙaramar hudar nan ta saman sinki da jiƙaƙƙen tsumma, don kada iska ta zille ta can, in tara ɗan ruwa, in kifa maka robar zuƙa in yi ta dannawa. In har yanzu taurin kai ne, sai in ajiye bokiti a ƙasa, in kwance gwiwar bututunka da hannu, in zazzage, in goge cikinta da tsohon buroshin haƙori. Zoben robar da ke tsakani zan adana shi a aljihu, na san da ɓatansa kake rama gayya da yoyo.

Wani maƙwabcina ya ce in cire gwiwar gaba ɗaya in sa miƙaƙƙen bututu, kowa ya huta. Na ƙi. Ɗan ruwan da ke kwance a lanƙwasar nan shi ne mai gadin da ke tare warin sokawe da kyankyasai. Tun 1775 wani mai gyaran agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar wannan dabara, ba ni zan rushe ta a Zamfara ba.

Kada kuma ka sa ran liyafa. An ba ni shawarar kanwa da lemun tsami; kumfa ce kawai mai burge yara, ba ta narkar da gashi. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita tana ci, amma tana cin fata da ido, kuma in ba ta wuce ba, ni ne zan kwance gwiwa ta zubo mini a hannu. Bilic da asid kuwa ba za su gamu a cikinka ba, hayaƙinsu guba ne. Ruwan zafi za ka samu a ƙarshe, ba tafasasshe ba, don bututunka na roba ne, yana iya yin laushi ya saki baki.

Bayan nan zan saya maka 'yar raga a kasuwa in ɗora a bakinka, in kuma roƙi uwargida ta riƙa tsifa a tsakar gida. Wannan ta biyun ban yi maka alkawari ba.

In na gama duk wannan ruwa bai tafi ba, to cutar tana can gaba cikin bango, kuma zan kira mai gyara. Ka shirya jin abin da zai faɗa a kanka.

Naka cikin haƙuri,
Wani magidanci, Gusau.

Kwafi zuwa ga: Sokawe, don ya san cewa shi ne na gaba.