Kunnen Bazamfare da Katin Memori

Mai son sanin irin kiɗan da mutumin Zurmi yake ji, kada ya tambaye shi, ya tambayi mai shagon caji da tura waƙoƙi. Kowa yana bugun ƙirji cewa kiɗa ɗaya ya riƙe, amma katin da ke cikin wayarsa yana ba da wata shaida daban.

A fara da dattijon bakin kasuwa, wanda a wajensa an rufe littafin waƙa tun ranar da Narambaɗa ya kwanta dama. In ya sassauta, ya ƙara Musa Ɗanƙwairo, sai Kassu Zurmi don kishin gari, shi ma da sharaɗin ba a gaban yara ba, tunda Kassu 'yan tauri yake zugawa. "Wanga zamani babu waƙa, sai ihu," in ji shi. To amma a saki muryar Lata Mangeshkar daga wayar mai shayi, sai ka ga carbinsa ya tsaya, babban yatsan ƙafa yana motsi a ƙarƙashin riga. Da ƙuruciyarsa har Gusau ya bi mota don kallon Sholay, kuma har gobe Dharmendra Sarkin Ƙarfi yake kiransa.

Sai ɗan Indiya na gaske. Bai san kalma goma ta yarensu ba, amma shekara da shekaru shi ke fassara wa majalisa abin da jaruma ke faɗa tana kuka cikin ruwan sama, har 'yan Algaita suka fara juya finafinan zuwa Hausa suka raba shi da muƙaminsa. Yana da wani ɗan'uwa mai wuyar sha'ani, galibi malamin makaranta, wanda ya raina waƙar fim, ya ce shi sai sitar ɗin Ravi Shankar. Zai kunna maka, ku yi shiru minti goma, tsirkiya tana ta kai-kawo ba a ko taɓa ganga ba, ka yi ƙarfin hali ka tambaya yaushe za a fara, ya dube ka da tausayi ya ce ai an yi nisa.

Ɗan jita kuwa daga kwalejin kimiyya ta Ƙauran Namoda ya dawo, da waya a toshe a kunne, yana ambaton Jimi Hendrix kamar tare suka yi makarantar allo. Kiɗan Indiya a wurinsa na mata ne. Bai ji labarin cewa George Harrison na ƙungiyar Beatles ya tafi Indiya a 1966 ya durƙusa gaban wannan Ravi Shankar ɗin yana koyo ba, balle ya san Bombino na Agadas, nan maƙwabta, yana kaɗa wa Amurkawa jitar da yake ganin tasu ce. Ranar aurensa kuma, Hamisu Breaker za a saka, kuma shi zai fara shiga fili. Na kusa da shi ya ce ya tuba da waƙar fim, sai bege kawai, alhali mawaƙan bandiri irin su Ushaƙu Indiya na Kano daga finafinan nan suka ɗauko karin waƙoƙinsu.

Za a ce wannan cakuɗa ce ke kashe namu. Zargin yana da kama, don yaro ya fi sanin Shah Rukh Khan da kotso. Sai dai fim ɗin Indiya ya fi shekara 60 a ƙasar Hausa, kuma a cikin shekarun nan Ɗanƙwairo da Shata suka yi tashensu, ba wanda ya tare musu hanya. Kiɗan Kassu a fili ya rayu, wurin taron tauri da farauta, kuma abin da ya rage taro a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi rashin tsaro ne. Wayar da ake zargi ma ita ce ta adana shi, tana ɗauke da shi kusa da Mohammed Rafi ba tare da faɗa ba. Duk wanda ya ce kunnensa bai taɓa yawo ba, ya miƙo wayarsa a duba.