Telen Katako da Asusun Matan Bukoki

Duk wanda ya haura hamsin ya san yadda rubutun kwamfuta ke ƙanƙancewa ba sallama. Tawa mai inci 14 ce, a cikinta nake riƙe wa uwargida lissafin asusun matan unguwarmu, Bukoki. Da ido ya fara gardama, ƴan fadarmu suka yanke hukunci tun shayi na farko bai huce ba: tabarau na tsofaffi ne, a sayo tele a jona.

A kasuwar Katako mai kaya ya shafa wata ta hannu mai inci 32, ya ce, "Alhaji, HD ce. Ko sauro ya gifta sai ka ƙirga ƙafafunsa." Ban taɓa taka Makka ba, amma Alhajin nan ya kashe mini bakin ciniki. Na rungumo ta a bayan kabu-kabu, ban ga hanya ba sai ƙofar gida.

Na soka wayar HDMI, hoto ya fito. Sai dai layin ƙasa na Windows ya yi ɓatan dabo, da agogo da maɓallin farawa duk sun nutse. Rubutu ya girma kam, amma kowane harafi ya tsiro gashi. Ranar fasa asusu na karanta wa wata baiwar Allah jika 80 inda aka rubuta 30. Ta rangaɗa guɗa. Abin da ya biyo baya a tsakar gida maƙwabta sun fi ni sani, don ni ina ɗaki, sakata a danne.

Ɗan ƙanwata da ke Jami'ar Abdou Moumouni ya zo, ya leƙa bayan telen, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, hoto ɗigo-ɗigo ne, fiksel ake ce musu. Wannan tana da 1366 a kwance, 768 a tsaye, wajen miliyan ɗaya. Kwamfutarka 1920 da 1080, miliyan biyu da ɗoriya. Rabin ɗigon aka baza a filin da ya ninka naka sau biyar."

Wato kunun mutum ɗaya aka tsuga wa ruwa don ya ishi goma. A kowane inci kwamfutata na da ɗigo kusan 157, telen 49. Ga shi kwamfutar na turo mata hoton 1080, ita kuma tana matse shi ya shiga ɗigonta. A nan cikin 3 ya rufe ya koma 8. Layin da ya ɓace kuwa gadon tsofaffin tele masu ƙusumbi ne: sukan faɗaɗa hoto kaɗan su yanke gefe. A wasan kokawa wa ya damu da gefe?

Yaron ya daidaita Windows da ainihin ɗigon telen, ya kashe yankan gefe, ya rage kaifin hoto. Abu ya gyaru, amma ya ce an ƙera ta ne don kallo daga mita biyu ko uku, ba don a kafa mata hanci ba.

Mai niyyar yin irin wannan, kada ya tsaya ga inci ko kalmar HD. Ya nemi lambobin nan biyu, in sun gaza 1920 da 1080 ya wuce. Telen tana falo yanzu, uwargida na kallon Arewa24. Matar jika 80 har yau ba ta amsa gaisuwata.