Ɗan Inna a Shago

Duk wanda ya buɗe shago a Kantin Kwari, kafin ya gama jera atamfa dangi sun gama ɗaukar masa ma'aikata. Inna za ta turo ɗanta, wai yaro ne mai hankali, boko ce kawai ba ta karɓe shi ba. Ɗauke shi, Alhaji. Amma ranar da cinikin POS ya yi ɓatan dabo, babu zancen kora, sai zaman sulhu a gidan kaka.

 Ka yanka wa yaron albashi tun ranar farko, ka rubuta bashin kowa, har na surukarka.